Kalmar da Na Tsallake a Takardar Suwaiba

Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris na 2025, azumi bai kai rabi ba, Allah ya karɓi ran ƙanwata Suwaiba 'yar Malam Illiya, a ɗakin mahaifiyarmu da ke unguwar Obitara, nan Agadas. Shekarunta talatin da ɗaya. Nasa muke, kuma wurinsa muka nufa gaba ɗaya, wani ya riga wani ne kawai.

Labarin ya same ni da hantsi, ina tsaye gaban allo ina yi wa ɗalibaina dikte, ina karantawa suna rubutawa. Salula ta yi motsi a aljihuna sau ɗaya na share, sau biyu na share, don ni ne na kafa dokar hana taɓa salula a cikin aji. A karo na uku na duba, na ga sunan autarmu Ramata. Ba ta ce komai ba sai, "Yaya, ka taho gida." Na ajiye littafin a tsakiyar jimla na fita. An gaya mini daga baya cewa yaran sun daɗe riƙe da bik, wato biro, suna jiran in dawo in ƙarasa musu. Kafin la'asar mun sallace ki, mun kai ki makwancinki, mun dawo da makara ba kowa a ciki.

Suwaiba, yau kwana tara ke nan. Mutane sun zo sun yi mana gaisuwa, daga Tudu, daga Cirozerin, har daga Dirku abokan mijinki Isufu suka aiko. Kowa ya faɗi alherinki, ni kuwa ina zaune kan tabarma ina amsa "amin" kamar kowa. Amma akwai wata takarda a aljihun gaban rigata, naɗe gida huɗu, wadda ta hana ni jin daɗin ko da ruwan buɗa baki. Akwai abin da ke cikinta wanda Inna ba ta sani ba har yau, kuma ni na hana ta saninsa. Na kasa faɗa da baki. Aikina rubutu ne, shi ya sa na zauna na rubuta.

Bari in fara da abin da ya fi sauƙi. Na girme ki da shekara goma sha biyu, don haka ni ba abokin wasanki ba ne, mai tsare ki da karatu ne. Lokacin da na fara koyar da Faransanci kina 'yar lakwal, wato makarantar boko, kullum bayan la'asar sai in zaunar da ke bakin ƙofar zaure in yi miki dikte, ke kuma idonki na kan titi inda ƙawayenki ke carafke. Kin tsani dogayen kalmomin nan da ke ƙarewa da "-ment". Kina cewa wutsiya gare su kamar ɓeran masar. Wata rana kin ɓata guda, na sa kika kwafe ta sau ɗari a kaye, littafin rubutunki, kina rubutu kina kuka kina harara ta. Tun daga ranar kika laƙaba mini "Yaya Mushe", yadda yara ke kiran malamin lakwal da Faransanci, kuma sunan ya bi ni har 'ya'yana na cikina suna kirana da shi in sun ga na ɗaure fuska. Na tuna kukan, na tuna hararar, amma kalmar kanta ta ɓace mini shekara da shekaru.

Da kika gama ajin ƙarshe na firamare kika ce ke kin yi sallama da boko, ɗinki za ki koya. Na yi faɗa, na yi lallashi, na kai ƙara wurin Baba, Allah ya jiƙansa. Baba ya dube ki ya dube ni ya ce in bar ki, wadda ke yayyanka zannuwan uwarta tun tana shekara bakwai ba a raba ta da almakashi. Gaskiyarsa. Kafin ki yi aure matan unguwa uku sun san ƙofar ɗakinki, kuma duk wanda ya kai miki ɗinki ya san sai ya tanadi haƙuri, saboda ba kya yarda da awo ɗaya. Sai ki auna mutum da metir, ki sake bi da hannu kina ƙirga taƙi, sannan ki haɗa ƙyallen da manyan ɗinki na farin zare ki ce ya sa a gani, kafin ki ɗora a keke. Na taɓa tsokanar ki na ce riga ɗaya kamar ana shari'ar gado. Kika ce, "Yaya Mushe, metir in ya tsuhwa miƙewa shikai, shi yi maka ƙarya bai sani ba. Sai su ukun sun yarda da juna nika ɗumki."

Ba kya son a faɗi alherinki, amma yanzu ba ki da bakin hana ni. Duk macen da ta rasu a unguwarmu cikin shekara goma da suka wuce, ke kika haɗa likkafaninta. Da an ji salati a wani gida sai ki rufe keke, ko da ɗinkin amarya kike, ki ɗauki allura da farin zare ki tafi, ba mai aiko miki. In bikin Biyanu ya matso, lokacin da duk wani mai ɗinki a Agadas ke korar mutane saboda aiki ya yi yawa, ke sai ki tara guntayen shaddar da suka rage ki haɗa wa yaran gidan marayun da ake kira gidan Baturiya riguna, ki aika musu ta hannun Inna don kada su san daga ina suka fito. Matan nan baƙi da tafiyar hamada ta tsaya musu a garin nan, biyu daga cikinsu a ɗakinki suka koyi riƙon almakashi. Ɗaya ta zo gaisuwa ranar uku. Ba ta jin Hausa sosai, ta zauna kusa da kekenki ta dafa shi, ta daɗe a haka, ta tashi ta tafi.

Ni kuwa nawa rabon aljihu ne. Jan bik ɗin da nake gyaran takardun yara da shi ya sha zubar mini da tawada a riga. Sai kawai na lura duk rigar da kika ɗinka mini aljihun gabanta ninki biyu ne, da wani ƙyalle mai kauri a ciki. Da na tambaya kika ce, "Don kada mutane su zaci harbin ka anka yi a ƙirji." A cikin irin wannan aljihun takardar take yanzu.

Abin ya faro ne a farkon 2023. Kina shayar da Alhassan, yana wata bakwai, kika ji wani ɗan ƙullutu kamar ƙwallon dabino a mamanki na hagu. Ba ya ciwo. Inna ta ce nono ne ya daskare, a gasa da ruwan ɗumi. Aka gasa, bai tafi ba. Kika nuna wa ungozomar asibiti, ta taɓa ta ce ita ma ta fi zaton nonon ne, shekara ashirin da tara ba shekarun mugun ciwo ba ne, amma don hankali ya kwanta a je a yi eko, wato hoton nan da ake ɗauka da na'ura a kan fata. Kika je aka yi, aka ba ki sakamako cikin ambulan. Isufu yana kan hanyar Jado da motarsa, sai ya yi sati uku bai ga gida ba. A danginmu kuwa duk takardar da ta zo da Faransanci, ta haihuwa ce ko ta fili, hannuna take biyowa. Don haka kika kawo mini.

Ina iya zana tsakar gidan nan yadda take a ranar. Bayan la'asar ne, Inna na zaune tana tsince dabino a faifai, ni na shigo gaishe ta daga makaranta da alli a hannun riga. Kika miƙo mini ambulan ɗin kina kallon bango, kika ce, "Yaya, duba muna wagga." Na buɗe ina zaton takardar rigakafin yaro ce. Kalmomi biyun farko da idona ya sauka a kansu su ne "sein gauche", maman hagu. Nan take kunnuwana suka ɗau zafi. Ni da ke ba mu taɓa ambaton ko da ciki ba, sau biyu kina haihuwa ina yin kamar daga sama jariran suka faɗo. Ga Inna zaune. Ga ni riƙe da takardar da ke bayanin jikin ƙanwata, faɗinsa da tsawonsa har da milimita. Ba abin da nake so a duniya irin in rabu da ita. Idona ya zarce ƙasa yana neman mafita, ya samu kalmar "bénin", ya tsaya.

Inna ta ce, "Mi ta ce, Sa'idu?"

Na ce, "Ba komi, Inna. Sun ce bénin ne."

Kika yi caraf kika ce, "Bénin? To, Kwatano za a kai ni ke nan? Bari in ɗauko jakata." Inna ta yi dariya har dabino ya zube. Na ce ba ƙasar Bénin ba, ma'anarsa ƙari marar illa. Inna ta ɗaga hannu ta yi hamdala, ta ce ai ta faɗa nono ne. Kika karɓi takardarki kika naɗe, ni kuma na yi sallama da sauri kamar ana kirana a waje.

Ga abin da ke rubuce a ƙasan takardar, layi uku. Na farko ya ce "probablement bénin", wato bisa ga alama marar illa ne, amma ba a tabbatar ba. Na biyu ya ce a dawo bayan wata shida a sake dubawa. Na uku ya ce in ya ƙara girma a sa allura a ɗebo a gwada. Zan so in ce ban gan su ba, amma ina azumi kuma ke kina gaban Ubangijinki. Na gan su. Sai dai kafin in faɗe su dole in buɗe baki a gaban mahaifiyata in ce a sake duba maman ƙanwata, a soka masa allura, kuma harshena ya ƙi ɗauka. Na ce a raina zan sa matata Zainabu ta gaya miki tsakaninku mata. Da na isa gida na tarar da tulin takardun gyara, washegari taron malamai, sai jarrabawa ta matso. Ni da nake cire wa yaro maki saboda ya manta ɗigo a kan harafi, na tsallake kalma guda da layi biyu na tafi na ci tuwo.

Wata shida suka zo suka wuce ba wanda ya ƙirga. Kika yaye Alhassan. Na ji daga baya cewa kin taɓa ce wa Inna abin kamar yana ƙaruwa, ta ce miki, "Mushe da kainai ya karanta, ya ce ba komi. Ke kin hi shi sani?" Haka kalmata ta zama katanga tsakaninki da asibiti. A wannan tsakanin mun haɗu ba adadi, mun ci Sallah huɗu tare, kin ɗinka mini riguna uku. Sau da yawa maganar ta zo mini har maƙogwaro, sai in dube ki in ga kina dariya da ƙibarki, in ce ai da akwai wani abu da mata sun sani.

Gab da Biyanun bara na kai miki shadda. Kika ɗauko metir kika auna ni da hannun dama kaɗai, kina riƙe da ɗaya bakin da haƙori. Da aka zo kafaɗa kika kasa ɗaga hannun hagu. Na tsaya ina jiran ki bi da taƙi kamar kullum, sai kika ce, "Ya isa, Yaya, na san awonka." A shekara goma sha biyar ban taɓa ganin kin tsaya a awo ɗaya ba. Da yamma na tura Zainabu, aiken da ya kamata in yi wata goma sha bakwai kafin nan. Ta shiga ɗakinki ta daɗe, da ta fito ba ta iya kallona ba. Ta ce abin ya kai lemun tsami, kuma akwai wasu ƙanana a hammata.

Likitan da ya duba ki a nan bai ɓata lokaci ba, ya ce Yamai. Muka shiga kar, babbar motar fasinja, ni da ke da Isufu cikin damina, hanyar Tawa ta farfashe, kowane rami sai na ga kin cije leɓe. Duk da haka kika yi ta ba wata tsohuwa da ke gefenki labarin yadda na taɓa faɗowa daga kan jaki ina yaro, labarin da ya faru kafin a haife ki.

A Yamai muka samu wata likita mace, mai magana a hankali, wadda ta yi mana bayani da Hausa duk da ba harshenta ba ne. Ta fara sa aka yi miki radiyon mama, hoton da ke hango cikin nono, wanda na sha jin ana cewa shi ne babban gwaji. Da hoton ya fito ta kira ni ta ɗora shi a kan fitila. Na zuba ido ina neman lemun tsamin nan, ban ga komai ba sai fari fat kamar an watsa gari. Ta ce ita ma da ƙyar take ganinsa, alhali ga shi a hannu ana taɓawa. Maman mace mai ƙuruciya, in ji ta, a cike yake da tsoka, tsokar fara take fitowa a hoto, ƙarin ma fari, sai ɗaya ya ɓuya cikin ɗaya. A jikin tsohuwa hoton ya fi faɗin gaskiya. Sai aka sa siririyar allura aka ɗebo ruwa, muka jira kwana goma, aka ce abin da aka ɗebo bai isa a ce komai ba. Aka sake da babbar allura aka gutsuro tsoka, muka jira sati uku a gidan wani ɗan'uwan Isufu. A lokacin na fahimci cewa na'urorin nan da muke ɗauka kamar alƙalai, kowacce da inda idonta ke tsayawa.

Ranar da sakamako ya fito, likitar ta ce ciwon daji ne, kuma ya riga ya wuce hammata ya taɓa hanta. Isufu ya fita waje ya tsuguna jikin bango. Ke kuwa kika tambaye ta ko maganin zai hana ki taka keke. Bayan an fita da ke ta ce in akwai tsohuwar takarda a kawo mata. Tana cikin jakarki, naɗe gida huɗu yadda kika naɗe ta a tsakar gida. Ta karanta, ta sa yatsa a layi na biyu, ta ce wa ya karanta miki. Na ce ni. Ta tambayi aikina, na faɗa mata. Ta mayar da idonta kan takardar, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na tambaye ta ko wanda ya yi eko ɗin ya yi kuskure. Ta ce a'a, abin da ya gani ya rubuta. Irin wannan ƙarin, a irin waɗannan shekarun, in aka tara ɗari da ƙyar a samu biyu masu mugunta, kuma a farkonsu kamarsu ɗaya da sauran. Saboda biyun nan ake rubuta a dawo. Ta ce ƙulli a mama ba a yanke masa hukunci da gwaji ɗaya: akwai hannun likita, akwai hoto, akwai allura, kuma in ɗaya ya saɓa wa sauran ba a sallami mace ba. Na ji kamar ke ce ke magana da metir rataye a wuya. Sai na yi tambayar da ta kai ni can. Na ce da mun dawo a wata shidan, da kin rayu? Ta dubi takardar, sannan ta koma Faransanci ta ce, "Peut-être." Wataƙila. Ni malamin harshen ne, na san wannan kalmar ba ta kai ƙarfin wadda na tsallake ba. Na so ta ce eh in san laifina, ko ta ce a'a in samu barci. Ta ba ni abin da take da shi, na sa takardar a aljihu na fito.

Sauran watannin ba na son in tsawaita. An yi miki ƙarin ruwan maganin nan mai zubar da gashi sau shida, kina zuwa Yamai kina dawowa, har jikinki ya daina ɗaukar hanyar. Kika ɗinka wa kanki kallabi kala bakwai kika ce in dai za a yi sanƙo a yi shi da ado. A watan Janairu likitar ta ce a bar ki a gida kusa da 'ya'yanki. Kika koma ɗakin Inna. Kullum in na taso daga makaranta sai in zauna bakin ƙofa mu yi hirar zafi da tsadar shadda, takardar na aljihuna, in tashi in tafi ban ce komai ba. Ba abin da na iya yi miki. Na san sunan ciwon da Faransanci, na san sunan kowane magani da yadda ake rubuta shi ba kuskure, kuma duk wannan bai rage miki zafin minti ɗaya ba.

Ranar Juma'ar ƙarshe, da hantsi, Inna ta shiga maƙwabta, Ramata na wanki a bayan gida. Na shiga har cikin ɗakin na zauna a ƙasa kusa da katifarki. Na ciro takardar na buɗe, na karanta miki layi ukun nan da ƙarfi, na fassara su ɗaya bayan ɗaya, na ambaci abin da na kasa ambata shekara biyu da suka wuce. Na ce na gan su tun ranar, kunya ta hana ni. Na ce ki yafe mini.

Kika lumshe ido har na zaci barci ya ɗauke ki. Sai kika buɗe ido kika fara jero haruffa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, p, r, o, b, har kika kai ƙarshen wutsiyar ba ki ɓata ko ɗaya ba.

Kika ce, "Sau ɗari, Yaya Mushe. Ita ce ka sa ni kwahewa. Ka manta?"

Na sunkuyar da kai.

Kika ce, "Tun a bakin asibiti na buɗe na karanta. Na gane ta, na gane wata shidan ma. Tsoro ni ji. Na ce bari in kai ma Yaya, in ya ce ba komi, to ba komi. Da ka ce hakanan, sai ni riƙe."

Na ce ai shi ne laifin nawa, kin zo neman wanda zai tsaya miki na kauce. Kika ɗan motsa hannun dama kika taɓa bakin aljihuna, kamar kina duba ko ɗinkin ya saki. Kika ce, "Ba komi, Yaya."

Kwana huɗu bayan nan kika tafi. Tun ranar nake juya kalmomin nan biyu. Su muke faɗa in an taka mu a kasuwa, su muke faɗa in an yi mana godiya, su mara lafiya ke faɗa in an tambaye shi jiki, su na faɗa wa Inna a tsakar gida. Ban sani ba ko yafewa ce kika yi mini da su, ko kuwa abin da na yi miki kika rama mini cikin tausayi, kika ba ni abin da kika ga ina son ji. Ban ma sani ba ko da gaske kin gane takardar tun farko, ko kin tuno kalmar ne daga baya kika ɗauki rabin kayan don kada ya danne ni. Halinki ne, za ki iya. Ba wanda zan tambaya.

Ranar uku, ina zaure tare da maza, na jiyo muryar Inna ta bayan katanga tana ce wa matan da suka zo gaisuwa, "Na'urarsu ta yi muna ƙarya. Ta ce ba komi. Da bakin Sa'idu ya karanta muna." Matan suka yi ta salati. Wata ta ce ita shi ya sa ba ta zuwa, in na'ura ta ce ba komi ma mutuwa ake, mi ne amfanin zuwa. Na san matar, tana da 'ya'ya mata huɗu. Na zauna da carbi a hannu ina jin yadda shiruna ke shirin shiga wani gidan, kuma ko a lokacin ban tashi ba. Na'urar ba ta ce ba komi ba. Cewa ta yi ba ta tabbata ba, a dawo. Ban san ko dawowar da ta cece ki ba, likitar ma ba ta sani ba, amma damar taki ce, kuma a hannuna ta salwanta.

Ya Allah, ga baiwarka Suwaiba ta zo maka cikin watan azumi, bayan doguwar jinya da ba mu ji ta yi ƙorafi ba. Ka sa ciwon ya zama kankarar zunubanta. Ka suturta ta kamar yadda ta suturta matattun unguwarmu da marayunta, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka sanya ta a Aljannar Firdausi tare da Baba. Ka yafe mata tsoronta, ka yafe mini kunyata, ka sa in namu ya zo mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinta Isufu, wanda ya ajiye mota wata bakwai ya zauna jinya, Allah ya saka maka, kuma kai ma ina neman gafararka. Ga 'ya'yanta Habsa da Alhassan, Allah ya raya ku ya albarkace ku, in kun girma ku karanta wannan ku san wace ce uwarku. Ga matan Obitara da suka haɗu suka ɗinka likkafaninta suna kuka, suna gardamar wa zai auna tunda mai awon ce a kwance, Allah ya ba ku lada. Ga dangin Malam Illiya na nan da na Damagaram, Allah ya ba mu haƙuri gaba ɗaya.

Saura Inna, Hajiya Biba, wadda ta fi kowa rashi, kuma ba ta karatun boko. Ramata, ke za ki karanta mata wannan. Ki bari sai ta sha ruwa ta yi magariba, ki zauna kusa da ita. Zan kasance a zaure, in ta kira ni zan shigo. Za ki iso wuraren da za ki ji kunya, za ki iso wuraren da za ki so ki rufa mini asiri. Ki karanta su yadda suke. Kada ki tsallake ko kalma ɗaya.